Layin Kano zuwa Maraɗi: Faɗin Dogo da Maganar Kan Iyaka



Galibinmu da jirgin ƙasa muka iso wannan zaure, kuma ba wanda ya tsaya tambayar faɗin dogon da ya ɗauko shi. A ƙasar nan ta Birtaniya an kashe wannan magana tuntuni, amma sai da aka sha wuya. A farkon zamanin jirgin ƙasa kowane kamfani da nasa ma'aunin. Kamfanin Great Western ya shimfiɗa dogo mai faɗin ƙafa bakwai da ɗoriya, saura kuwa suka bi ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, wato milimita 1,435. A garin Gloucester, inda biyun suka haɗu, sai 'yan dako su sauke kaya kaf daga wannan tarago su loda a wancan. Majalisa ta yi doka a 1846, duk da haka sai a 1892 aka kammala mayar da dogon mai faɗi zuwa ma'aunin kowa.

Mu a gida, Turawan mulkin mallaka ne suka bar mana irin wannan rarrabuwa. Dogon da ya isa Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, irin na Gana da Sudan. Wanda Faransawa suka shimfiɗa daga Kwatano zuwa Paraku kuwa mita ɗaya ne cif, haka ma na Kamaru wanda ya tsaya a Ngaundare. Kowane layi ya nufi tashar ruwan mai mulkinsa ne, ya kai gyaɗa da auduga da kuza, ba a yi shi don ya gaisa da maƙwabci ba.

Wannan ne ya sa layin Kano zuwa Maraɗi ya cancanci mu sa masa ido. An aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ke aikin, tsawonsa kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Faɗinsa milimita 1,435 ne, daidai da na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan. Muhawarar da muka fi ji a kansa ita ce ta bashi, da tambayar me ya sa Nijeriya za ta kai dogo wata ƙasa. Tambaya ce mai kyau, ko da yake duk wanda ya san kasuwar Jibiya ya san Katsina da Maraɗi ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Amma akwai abin da ba mu cika ji ana ambata ba. Dogon da Nijar ta ƙaddamar a 2016 tsakanin Yamai da Dosso, wanda kamfanin Bolloré ya gina, mita ɗaya ne, domin an yi shi ne da nufin ya haɗu da na Binin. Ke nan idan wata rana aka ja shi gabas har Maraɗi, taragon Kano ba zai iya hawansa ba. Za mu wayi gari mun gina Gloucester tamu da kuɗin bashi.

Faɗin dogo ma shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Lokacin da Jamus da Faransa da Italiya da Ostiriya-Hangari da Suwizalan suka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern a 1886, ba su tsaya a kan faɗi kawai ba. Sun daidaita ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago, da yadda kwastan za su rufe tarago su sa masa hatimi don kada a riƙa buɗe shi a kowace iyaka, har mabuɗin ƙofa sai da suka mai da shi iri ɗaya. A 1922 aka kafa ƙungiyar hukumomin jiragen ƙasa ta duniya, UIC, a Faris, don ci gaba da wannan aiki. To mu fa? Direban da ya taso daga Katsina, lasisin wace ƙasa zai riƙe? Da wane harshe zai yi magana da mai ba da hanya a Maraɗi, Turanci ko Faransanci? (Mun san a aikace da Hausa za su yi, amma ƙa'idar aiki tana buƙatar a rubuta ta.) Nauyin tan nawa aka yarda tarago ya ɗauka? Sau nawa za a duba kaya, a Jibiya ko a Ɗan Isa ko duka biyun? In tarago ya lalace a ƙetare, wa zai biya?

Sai kuma siyasa. Mun ga an rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Mai mota yana iya juyawa ya nemi wata hanya. Jirgin ƙasa ba shi da ɓarauniyar hanya, ranar da aka rufe iyaka zai tsaya cik alhali ruwan bashi na ci gaba da hawa.

Don haka muna ba wa wannan taro shawara: ƙungiyarmu ta rubuta wa ma'aikatun sufuri na Abuja da Yamai, ta nemi a bayyana wa jama'a yarjejeniyar gudanar da layin. A cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da masu jin Faransanci. Muna roƙon mutum biyar su ba sakatare sunayensu kafin a tashi, a tsara takardar cikin wata guda.