Jiki ma yana da haƙƙi: jawabi ga iyaye kan 'ya'yanmu masu aikin kula da tsofaffi

 

Maganar yau ta shafi gidajen 'yan zango da yawa a nan Ingila. Tun 2022 da gwamnati ta buɗe ƙofar biza ga masu kula da tsofaffi, 'ya'yanmu daga Nima, Sabon Zango, Aboabo da Tamale suka shigo wannan aiki. Ƙarancin ma'aikata ne ya sa aka buɗe ƙofar, kuma wanda ya shiga shi ke ɗaukar nauyin wanda babu. A 2024 kuma aka hana sababbin zuwa kawo mata da 'ya'ya, shi ya sa wasu ke komawa ɗaki babu mai ce musu sannu.

Ku dubi aikin. Awa goma sha biyu a tsaye: a ɗaga tsoho, a yi masa wanka, a canza masa kaya, a ba shi abinci, a rubuta rahoto. Ranar hutu manaja ya bugo waya, wai wani bai zo ba. Yarinya ta tuna bizarta a hannun kamfanin take, sai ta ce to.

Wannan gajiya ba lalaci ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta ba da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, kuma aikin ya daina kyau a hannun mutum. A gida za ku ga barci ya gagara, fushi ya yi kusa, Asuba tana wucewa, mai fara'a ya koma shiru. Mu kuwa sai mu ce Turai ta canza shi.

Addininmu bai yarda mutum ya ƙarar da kansa ba, ko a ibada. Salmanul Farisi ya tarar da ɗan'uwansa Abu Darda yana azumi da rana, yana tsayuwa da dare. Ya sa shi ya ci abinci ya kwanta, ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na jikinsa da na iyalinsa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), sai ya gaskata Salman. Idan nafila tana da iyaka, ina ga aikin albashi?

Dokar ƙasar nan ma ta sa iyaka. A ƙa'ida ba a tilasta wa ma'aikaci ya wuce matsakaicin awa 48 a mako sai da sa hannunsa, kuma wanda ya sa hannu yana iya janyewa idan ya ba da sanarwa a rubuce. Akwai hutun awa 11 tsakanin tashi da komawa aiki, da minti 20 idan aiki ya wuce awa shida. Mai aikin kwana biyar a mako yana da hutun kwana 28 a shekara da albashinsa. Rashin lafiyar da ba ta wuce kwana bakwai ba, ba ta bukatar takardar likita. In ta wuce, likita ya rubuta. ACAS na ba da shawara kyauta, UNISON da GMB suna karɓar masu wannan aiki. Idan ƙarancin ma'aikata ya jefa tsofaffi cikin haɗari, ana kai ƙara ga CQC. Ku ce wa yaranku su riƙa rubuta awanninsu a littafi, domin ranar gardama takarda ce shaida.

Saura namu, iyaye. Sau da yawa abin da ke sa yaro ya karɓi ƙarin aikin dare shi ne waya daga gida: biki, suna, sadakar arba'in, bulo na gini, kuɗin adashi. Kowane da dalilinsa, amma duk a kan bayan mutum ɗaya suke sauka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku zauna da 'yan'uwa na Gana a yanke abin da zai iya aikawa duk wata, a tsaya a kai. Wanda ya kwana a aiki, a bar shi ya yi barci. Kada a zarge shi don bai zo zaman makoki ba. Maigida, idan uwargida ta dawo da safe, kai yara makaranta bai rage maka girma ba. Wanda ba shi da kowa a nan, a kai masa tuwo ko wake da shinkafa ranar Juma'a.

Duk wanda takardar aiki ta shige masa duhu, ya kawo mana bayan salla mu duba tare, kuma maganarsa ba za ta fita ba. Wanda damuwa ta kai shi ga tunanin cutar da kansa, a haɗa addu'a da likita, kada a jira gobe.

Allah Ya ba 'ya'yanmu lafiya, Ya sa albarka a guminsu. Wassalamu alaikum.