Allura, ƙyalle da ɗan rago: ɗinkin ƙananan dabbobin wasa a kwarin Komadugu

 

Mai yiwuwa ne wani daga cikinku, da ya ji cewa a garin da hankalin kowa ke kan tsaro da farashin tattasai da ambaliyar Komadugu an keɓe lokaci domin maganar ɗinkin abin wasan yara, ya raya a zuciyarsa cewa an rasa abin faɗa ne. Ni kuwa a ganina, al'ummar da ta ga ƙananan ƴaƴanta sun fita daga Bosso da ƙauyukan bakin gulbi cikin dare suna gudun hari, babu wanda ya tsaya ɗaukar ko da ƴar tsanarsa, ita ce ta fi kowace al'umma cancantar ta zauna ta yi nazarin yadda za ta mayar musu da abin da suka bari. Maƙasudin wannan takarda shi ne in gabatar muku da wata sana'ar hannu da ta shahara a Turai da Amurka, watau ɗinka ƙananan ƴaƴan beyar na ƙyalle, sa'an nan in bayyana abin da ya dace mu ɗauka daga cikinta da abin da ya dace mu bar wa masu ita.

Ita beyar dabba ce mai kaurin jiki da yawan gashi, wadda ba ta cikin namun dajinmu. A watan Nuwamba na 1902 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya tafi farauta a jihar Misisifi, masu yi masa jagora suka kama wata beyar suka ɗaure ta a jikin itace domin ya harbe, shi kuwa ya ƙi, saboda bai ga jarumta a harbin ɗaurarriyar dabba ba. Wani mai zane, Clifford Berryman, ya fitar da hoton lamarin a jaridar Washington Post, sai wani mai kanti a birnin New York, Morris Michtom, da matarsa Rose suka ɗinka ɗan beyar na ƙyalle suka sa masa laƙabin shugaban, Teddy, sunan da ya bi shi har yau.

Amma labarin da ya fi shafar mu yana ƙasar Jamus ne, a wani ƙaramin gari da ake kira Giengen, inda aka haifi Margarete Steiff a 1847. Shan inna ya kama ta tun tana jinjira, ya kashe mata ƙafafu ya raunana hannunta na dama, ta rayu a kan keken guragu. Duk da haka ta koyi ɗinki, har ta riƙa juya keken ɗinkinta baya domin ta murza shi da hannun hagu. A 1880 ta ɗinka wata ƴar giwa don a riƙa soke allura a jikinta, yara suka ƙwace ta suka mai da ita abin wasa, kuma daga wannan ƴar giwa gidan sana'arta ya tashi. Ɗan ɗan'uwanta Richard Steiff ne ya tsara beyar mai gaɓoɓi masu motsi a 1902, aka kai ta kasuwar baje koli ta Leipzig a 1903, wani ɗan kasuwa Ba'amurke ya nemi guda 3,000, kafin 1907 ta ƙare kuwa gidan ya ɗinka kusan miliyan ɗaya a cikin shekara guda. Ina roƙon iyayenmu mata su riƙe wannan ƙissa, domin wadda ta kafa wannan al'amari da allura da haƙuri ta faro shi, kuma a zaune ta yi shi.

Daga shekarun 1970 zuwa yau wani reshe ya tsiro a cikin sana'ar, inda manya, galibi mata, suke ɗinka beyar da hannu a gidajensu domin nishaɗi, wasu kuma suka ƙware a kan ƙanana ƙwarai, waɗanda tsawonsu bai wuce na yatsa ba. Ga yadda aikin yake. Mai ɗinki za ta zana gaɓoɓin a kan kwali ta yanke, ta aza su a bayan ƙyalle ta bi gefensu da alƙalami, tana lura da cewa kowace gaɓa tana da ta dama da ta hagu, kuma gashin ƙyallen ya kwanta ta fuska ɗaya. Kai kaɗai yanki uku ne, kumatu biyu da wani siririn yanki da ke tashi daga hanci ya bi ta goshi ya sauka ƙeya, kuma wannan siririn yanki shi ne asirin aikin duka, domin idan ya karkace ko da kaurin zare ne, fuskar ta karkace ke nan har abada. Ana ɗinkewa ta ciki da ƙananan ɗinki masu komawa baya, a bar ƴar kafa, sa'an nan a juyo gaɓar da hantsaki a hankali, kamar yadda ake juya hanjin rago wajen wanki. A cusa auduga kaɗan-kaɗan da tsinke har ta yi tauri, a rufe kafar da ɗinkin da ba ya nunawa. Hannuwa da ƙafafu kuwa, ko dai a haɗa su da ƙananan faifai da ƙusa mai baki biyu, ko kuma, hanyar da ta fi sauƙi gare mu, a soke doguwar allura da zare mai ƙarfi daga kafaɗa ta ratsa jiki ta ɓulla ɗaya kafaɗar, a ja a ƙulle, sai gaɓar ta riƙa juyawa. Masu yin wannan aiki suna shaida cewa zuciya tana samun natsuwa a cikinsa, kuma duk wadda ta taɓa zama da saƙar faifai ko ɗinkin hula bayan la'asar ta san gaskiyar maganarsu.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Yarinya a ƙasar Hausa da ta Barebari ta daɗe tana yin ƴar tsanarta da kara ko ƙashin ƙafar tunkiya, ta ɗaura mata zane da guntun atamfa, ta yi mata kitso da zare, ta goya ta da majanyi tana jijjiga. Yaro kuwa, idan ruwan Komadugu ya janye ya bar yumɓu a gaɓa, sai ya gina shanu da raƙuma ya shanya su a rana, ya yi musu garke. Abin da ya raunana wannan gado shi ne ƴar tsanar roba da ake shigowa da ita, mai arha, mai fuskar da ba ta kama da ta kowa a unguwa, wadda hannunta ke ɓallewa kafin sallah ta zagayo.

A nan tilas ne mu tsaya a gaban malamai, domin sura mai inuwa al'amari ne da shari'a ta yi magana a kansa, kuma ba ya halatta ga mai kira zuwa ga wata sana'a ya tsallake hukuncinta. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kasance tana wasa da ƴaƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa a cikin kayan wasanta akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle, Annabi ya gan shi, ya tambaye ta, ya yi dariya da jin amsarta. Haka nan Rubayyi'u ɗiyar Mu'awwizu ta ba da labarin cewa sukan yi wa yara abin wasa na ulu ranar Ashura, su rarrashe su da shi har lokacin buɗa baki. A kan irin waɗannan hujjoji ne Alƙali Iyad, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabarmu ta Malikiyya, ya tafi a kan cewa an keɓe ƴaƴan tsanar yara daga hanin surori, saboda tarbiyyar da ke cikinsu. To, rangwamen na yara ne da wasansu. Don haka al'adar nan ta Turawa, ta babba ya tara beyar ɗari a cikin akwatin gilashi yana ado da su, ita ce abu na farko da nake ganin mu bar musu. Babba a wajenmu ya ji daɗinsa a wajen ɗinkin, abin da ya ɗinka kuwa ya tafi hannun yaro.

Abu na biyu da za mu bari shi ne ita kanta beyar. Yaron Diffa bai taɓa ganinta ba, alhali ya san ragon layya, ya san raƙumin da ke saukowa daga Ngigmi, ya san jaki da zabuwa da tarwaɗa, ya kuma ji labarin shanun Kuri na tafkin Chadi, farare masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda suke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Dabarar yankan kwali da siririn yankin goshi da zaren gaɓoɓi ba ta san beyar ba, duk dabbar da aka ɗora ta a kai za ta fitar.

Tun daga harin 6 ga Fabrairu 2015 a kan Bosso da Diffa, da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, da shekarun da aka taƙaita cinikin tattasai da kamun kifi, dubban mata sun zauna a sansanin Sayam Forage da rumfunan da ke gefen babbar hanya, hannuwan da suka saba da tsinkar tattasai suka rasa abin yi. An koya wa da yawa daga cikinsu ɗinki, sai dai keke yana da tsada, kuma masu ɗinka riga sun riga sun yi yawa a kasuwa. Wannan aikin kuwa ba ya neman keke ko lantarki: allura, zare, almakashi, da ɓarɓashin shadda da karammiski da teloli ke sharewa su zubar kowace yamma. Audugar rimi da ake cusa matashi da ita ta isa, kuma da ita Turawa ma suka cusa nasu a wani zamani. Ba zan ce wa kowa sana'a ce da za ta maye gurbin gona ba, amma za ta kawo kuɗin sabulu da gishiri, ta kuma tara mata a inuwa ɗaya suna aiki suna hira.

Sharaɗi ɗaya ne ba na so a yi sassauci a kansa. Turawa suna sa wa ƙananan beyar idanun gilashi domin na kallo ne, namu kuwa za su shiga bakin jinjiri, saboda haka ido da hanci a yi su da zare kurum, babu tsakiya babu maɓalli babu ƙusa, kuma wanda za a ba mai rarrafe ya kai girman tafin hannun uwarsa. Ina kuma ba ƙungiyoyin mata da malaman makarantu shawarar su fara da rago, domin jikinsa dunƙulalle ne, kwali shida ko bakwai sun ishe shi, mai koyo za ta gama shi ba ta karaya ba. Bijimin Kuri a jinkirta shi sai hannu ya faɗa, saboda ƙahoninsa suna bukatar cusa mai tauri da ɗinki biyu a gindi, in ba haka ba za su langaɓe tun yaro bai gama murnar samunsa ba.