Jawabi ga 'yan'uwa na mazaɓar Durba kan shirin marka



Maganar ƙuri'a za ta jira, domin Agusta ta ƙarato. Dattawan da ke nan sun tuna ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988. Matasa kuma kun ga Maiduguri a waya lokacin da dam ɗin Alau ya fashe a Satumbar 2024, kun ga Mokwa a Mayun 2025. Duka biyun nan kafin gari ya waye ruwa ya riski mutane. To, SEMA da NEMA suna kawo tabarma da buhun hatsi, amma sai bayan abu ya faru. Daren farko, maigida, kai ne hukumar gidanka.

Mu nan Durba, abin da ya fi tsorata ni ginin ƙasa ne. In marka ta yi kwana biyu tana zuba, gindin katanga ya sha ruwa, soro ya yi nauyi, azara ta gaji. Bango ba ya sallama in zai faɗi. Don haka tun yanzu a zaga gida: a buɗe indararo, a yashe kwata, a sake yaɓe inda ya zaizaye. Ɗakin da ya tsage, don Allah a fitar da yara da tsofaffi daga cikinsa, ko da a zaure za a kwana. Kunyar maƙwabci ba ta kai jana'iza ba.

Sannan a zauna da iyali a raba aiki. Wa zai ɗauki jariri? Wa zai riƙo Inna? Wa zai kwance awaki? Gidan wa za a nufa, ko makarantar firamare? Wallahi in ba a faɗa da rana ba, cikin duhu kowa zai zaci wani ya ɗauko yaron.

Takardar gona, katin NIN, katin zaɓe da 'yan kuɗi, a ƙulle su a leda a rataye sama, kusa da tocila. Mai ciki da wata ya kama, a ajiye lambar mai motar da zai kai ta Kibiya ko Rano ko da tsakar dare.

In ruwa ya janye, a kula da rijiya, don masai kan cika ya malala cikinta. A tafasa ruwan sha, a tanadi ORS. Yaron da ya fara amai da gudawa a ba shi tun a gida, a kama hanyar asibiti, kada a jira safiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka.