Tun Ran Gini, Ran Zane: Jawabi ga Masu Gini a Gida Daga Nesa



Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, alhazai da hajiyoyi, ƙannena ɗalibai, ina godiya da kuka ba ni wannan dama. Na san wani zai ce, me ya haɗa likita da zancen gini? Amsar ita ce, idan gini ya faɗi, wurinmu ake kawo waɗanda aka zaƙulo.

Lokacin da nake ƙaramin likita a gida, an kawo mana wani lebura da dakin ya rufto masa, ya danne masa ƙafafu na awoyi. Ya iso yana magana, har yana tambayar wayarsa. Bayan kwana biyu fitsari ya ɗauke. Naman jikin da nauyi ya murƙushe yakan saki guba cikin jini, gubar ta toshe ƙoda. Aka yi ta faman neman wankin ƙoda, amma rai ya yi halinsa. Mai ginin yana ƙasar waje. Hotunan aikin kawai yake gani a waya, kamar yadda da yawanmu a zauren nan muke yi.

Mu tuna abin da ya faru a Titin Beirut da ke Kano ranar 30 ga Agusta, 2022, inda bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a tsakiyar kasuwar waya. Mu tuna bene mai hawa 21 na Ikoyi a Legas, ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wanda ya ci rayuka fiye da 40. Sai makarantar Saint Academy a Jos, ranar 12 ga Yuli, 2024, inda mutum 22 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makaranta.

Kada mu ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. A nan ƙasar Sin, ranar 29 ga Afrilu, 2022, wani bene ya faɗi a birnin Changsha, mutum 54 suka mutu. Mai shi ne ya yi ta ƙara hawa a kan ginin da ba a tsara shi don ɗaukar wannan nauyi ba. Hukuma ta kama shi, ta kuma kama ma'aikatan kamfanin da suka ba da takardar ƙarya cewa ginin lafiya lau yake. A Quanzhou ma, a watan Maris na 2020, otal ɗin da aka killace mutane saboda korona ya rushe, mutum 29 suka rasu, sanadin dai ƙarin hawa ba bisa ƙa'ida ba.

Alhazai, ku yi mini afuwa in faɗi gaskiya. Mukan je Foshan mu zaɓi tayil mai tsada da ƙofofi masu ƙyalli, mu cika kwantena. Amma da an zo kan rodi da siminti da kuɗin injiniya, sai mu fara neman ragi. Tayil kwalliya ce kawai, rodi da kankare su ne ƙashin gini. Araha kuwa ba ta ado.

Ga abin da nake roƙon kowannenmu.

Na farko, takarda kafin tubali. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. A Kano, hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, kuma kowace jiha tana da irin tata. A sami zane daga mai zanen gini da ke da rajistar ARCON, da lissafin ƙarfe daga injiniya mai rajistar COREN. Ka nemi lambar rajistarsa, ba raini ba ne. Ba wanda zai yarda a yi masa tiyata a hannun wanda bai san takardunsa ba.

Na biyu, idan bene za ka yi, a gwada ƙasar filin. Unguwanni da yawa a garuruwanmu tsoffin kududdufai ne da aka cike da shara. Kada kuma a hau kan magudanar ruwa. Waɗanda ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 ta lalata wa kaya sun san zafin wannan.

Na uku, abin da aka zana shi za a gina. Tushen da aka yi don hawa biyu ba zai ɗauki huɗu ba don kasuwa ta buɗe maka. In kana son ƙari, koma wurin injiniya.

Na huɗu, kada mu matsa wa magina don muna son tarewa kafin Sallah. Kankare yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi a kansa. Cire katakon tokara da wuri ya kashe mutane da yawa.

Na biyar, ka raba mai riƙe kuɗi da mai duba aiki. Ƙaninka amintacce ne, amma amana ba ta sa ya san kaurin rodi. Ka biya injiniya ya je ya duba da idonsa kafin a zuba tushe, da kuma kafin a zuba kowane dakin, ya aiko maka da rahoto mai sa hannu.

A matsayina na likita zan ƙara da uku. A nisanta masai da rijiya aƙalla mita 15, in da fili a kai 30, saboda kwalara da taifot. A yi wa janareto wuri a waje, domin hayaƙinsa yana kashe iyali cikin barci. Kuma a bar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki, saboda gobara.

Ina ba shugabanni shawara ƙungiya ta tattara sunayen injiniyoyi masu rajista 'yan garinmu, a buga a mujallarmu, don na nesa ya san wanda zai kira. Ku kuma 'yan'uwa na gida, idan kuka ga tsaga a ginshiƙi ko dakin ya fara lotsawa, ku fitar da mutane tukuna, sannan ku kira mu.

A ƙarƙashin rufin nan iyayenmu da 'ya'yanmu da 'yan haya za su kwana, kuma za a tambaye mu a kansu. Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya mayar da mu gida lafiya.