Tsutsar Huhu a Jikin 'Yan Kyanwa a Fadamar Haɗejia

Manomin bakin kogin Haɗejia ba don ado yake ajiye kyanwa ba. Ita ce mai tsaron rumbu daga ɓarnar ɓera. To, amma farautar nan da ake yaba mata, ta nan cuta kan shige ta.

Tsutsar da masana ke kira Aelurostrongylus abstrusus, wadda tsawonta bai wuce santimita ɗaya ba, can cikin huhu take zama ta yi ƙwai. In sun ƙyanƙyashe, tari ya turo 'ya'yan maƙogwaro, kyanwa ta haɗiye, su fita cikin kashi, su shige jikin katantanwa. Ɓera ko tsuntsu, kwaɗo ko ƙadangare ya ci katantanwar, kyanwa kuma ta ci shi. Fadamar da ta miƙe daga Haɗejia zuwa Nguru ba ta rasa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Babbar kyanwa takan jure. Ɗan kyanwa kuwa hanyoyin numfashinsa ƙanana ne, nan da nan majina ta toshe su. Sai haki da rama, huhu ya kumbura, wani lokaci ruwa ya taru a ƙirji, zuciya ta gaji da tura jini. Abin takaici, a gida akan ce mura ce, a jira ta wuce.

Likitan dabbobi a kashi yake neman shaida, ta hanyar da Baermann ya fito da ita a 1917: a jiƙa kashin cikin ruwa ya kwana, 'ya'yan tsutsar su sauka ƙasa, a duba da madubin likita. In an gan su, akan ba da fenbendazole kwanaki a jere.