Gangar Man Da Ke Kan Takarda Ba Ta Biyan Albashi

Ba zan cinye muku lokaci ba. Magana ɗaya na zo da ita: lissafin man da gwamnati ke cewa za ta haƙo.

Duk shekara idan aka kawo kasafin kuɗi, akwai lamba ɗaya da komai ya rataya a kanta, wato ganga nawa za a haƙo a rana. A kasafin 2022 an rubuta ganga miliyan 1.88. A watan Satumba na shekarar, ɗanyen man da muka haƙo ko miliyan ɗaya bai kai ba a rana. A 2024 aka ce miliyan 1.78, ba a kai ba. Maimakon a sassauto, sai a 2025 aka ce miliyan 2.06, alhali kason ɗanyen mai da OPEC ta ba mu miliyan 1.5 ne.

Kar wani ya ce adawa ce. Tun zamanin Obasanjo aka yi mana alkawarin ganga miliyan 4 a rana kafin 2010. Ciwon ya daɗe, kuma bai bar kowace gwamnati ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana fasa bututu ana sata, rijiyoyi sun tsufa, kuma Shell da Agip da ExxonMobil sun sayar da rijiyoyinsu na tudu da na bakin teku. Sabuwar rijiya kuwa shekaru take ɗauka, ba wata shida ba.

Mu nan Arewa gani ya kori ji. A Nuwamban 2022 aka yi bikin Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, aka ce ganga biliyan ɗaya na kwance. Wa ya ga kuɗinsa? Bututun gas na AKK, a 2020 aka ƙaddamar, aka ce shekara biyu. Biyun suka wuce, wasu biyun suka bi, gas bai iso Kano ba.

To ina ruwanmu? Manomin da ya ci bashi a kan buhu ɗari, gonarsa kuwa saba'in take bayarwa, iyalinsa ne za su ji a jikinsu. Idan man bai fito ba, sai a cike giɓin da bashi, a jingine aikin hanya da na asibiti, abin da ake rabawa jihohi da ƙananan hukumomi ya gaza abin da aka sa rai.

Saboda haka, jama'a, ku tambayi 'yan majalisarku, har da na jam'iyyarmu: ganga nawa aka haƙo a watanni goma sha biyun da suka wuce? Hukumar NUPRC na fitar da alƙaluman kowane wata. A gina kasafi a kan wannan. In Allah Ya kawo ƙari, alhamdulillahi, a yi ƙaramin kasafi.

Allah Ya ba mu shugabanni masu faɗa mana gaskiya.