Isnadin Takarda: Abin da Bincike Ya Gano a Kan Tsofaffin Kwafen Linjila

Lacca ce da aka gabatar a gaban malamai da ɗalibai a birnin Katsina.



Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi a zaurukan wannan gari ya san ba a karɓar magana don daɗinta. Sai an ji daga wa aka samo ta, shi kuma daga wa, har silsila ta kai inda za ta kai. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba baƙo ne ga wannan tsantseni ba. Abin mamaki, da zarar zance ya koma kan littattafan Kirista na farko, sai tsantsenin ya yi ɓatan dabo. Mai muhawara ya ɗauko abin da ya ji a kaset ko ya gani a waya, ya jefa, a yi tafi. Na wancan ɓangaren ma haka yake yi. Alhali akwai fanni sukutum na ilimi da ya shafe sama da shekara 300 yana yi wa waɗannan littattafai irin tambayoyin da malamin hadisi ke yi: wa ya rubuta, yaushe, wa ya kwafe, a kan wace takarda.

Alaƙar Katsina da masu ɗauke da Linjila ta girmi zuwan Turawan mulki. A 1710 wasu limaman Katolika biyu, Carlo Maria na Jenowa da Severino na Silesiya, sun taso daga Tarabulus saboda jita-jitar da suka ji cewa akwai Kiristoci a ƙasar Kwararrafa. Sun ratso Fezzan da Agadas, amma ba su wuce Katsina ba: a nan cuta ta kama su, suka rasu a 1711. Bayan shekara 140 Heinrich Barth ya shigo garin, kuma da ya koma Turai a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu. Daga bakin wannan yaro ɗan mishan James Schön, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, ya ƙara gyara Hausarsa, har ya fitar da Linjilar Matiyu a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa sai 1932 ya fito, bayan doguwar wahalar Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. Zuriyar wannan fassara ce ake karantawa ran Lahadi a Malumfashi da Kafur da cikin birnin nan. Tambayar ita ce, daga wane asali aka fassaro ta?

Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da Aramiyanci ya yi wa mutanensa magana. Littattafai 27 na Sabon Alkawari kuwa da Girkanci aka rubuta su. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa wasiƙun Bulus ne suka fara fitowa, tun wajen shekara ta 50 miladiyya, sannan Linjilar Markus wajen 70, Matiyu da Luka a tsakanin 80 da 90, Yohanna a ƙarshen ƙarnin. Babu ko guda da aka samu da rubutun hannun marubucinsa na farko. Abin da ya rage kwafe ne daga kwafe, kimanin 5,800 da Girkanci kaɗai, wasu cikakku, wasu 'yan ɓarɓashi.

Ɗaya daga cikin mafi tsufansu bai cika tafin hannu ba. Wani yanki ne na takardar fafirus, wadda Misirawa ke yi da ciyawar bakin Nilu, tsawonsa bai wuce santimita 9 ba. An saye shi a Masar a 1920, ya kwanta cikin tarkacen ɗakin karatu na John Rylands a Manchesta, sai a 1934 wani matashin masani, Colin Roberts, ya gane cewa kalmomin da ke gaba da bayansa daga babi na 18 na Yohanna suke. Rubutu a fuska biyu ya nuna daga littafi mai shafuka ya yage, ba daga naɗaɗɗiyar takarda ba. Salon haruffan ya sa aka ɗora shi a ƙarni na 2, ko da yake masana na jayayya kan farkon ƙarnin ne ko ƙarshensa. Da irin wannan ɗan guntu ake gina tarihi: a auna, a kwatanta hannu da hannu, a faɗi iyakar abin da ya nuna, a tsaya.

Manyan kwafe cikakku sai ƙarni na 4. Ɗaya yana Fadar Fafaroma a Rum. Ɗayan kuma, wanda aka rubuta a kan fata, wani Bajamushe mai suna Tischendorf ya gan shi a gidan ruhubanawa na Santa Katarina a gindin Dutsen Sina'i a 1844, ya kwashi ganye 43, ya dawo a 1859 ya tafi da mafi yawan sauran zuwa Rasha. Ruhubanawan sun daɗe suna cewa aro suka bayar. A 1933 gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Ingila da shi a kan fam 100,000.

Da aka jera waɗannan tsofaffin kwafe kusa da na baya, sai bambanci ya bayyana. Tun a 1707 John Mill na Oksfod ya lissafa wurare wajen 30,000 da kwafe suka saɓa. Wannan adadi yakan burge mai muhawara, amma adalci shi ne a ce mafi yawansu kuskuren harafi ne, ko tsallake layi, ko sauya wurin kalma, abin da duk wanda ya taɓa kwafar littafi da tawada da alƙalamin kara ya sani. Sai dai akwai manya, kuma ba a ɓoye suke ba. Linjilar Markus a kwafen Sina'i da na Rum ta tsaya ne a aya ta 8 ta babi na 16. Ayoyi 12 da suka biyo baya babu su, kuma tun a ƙarni na 4 Yusibiyus na Kaisariya ya faɗi cewa ingantattun kwafe a nan suke ƙarewa. Labarin matar da aka kama da zina, a farkon babi na 8 na Yohanna, babu shi a mafi tsufan kwafe. Jimlar da ke cikin wasiƙar Yohanna ta fari, babi na 5, wadda ta ambaci shaidu uku a sama, masani Erasmus bai sa ta a bugunsa na Sabon Alkawari na 1516 ba domin bai gan ta a kwafen Girkancin da ke hannunsa ba. Sai da aka matsa masa ya shigar da ita a 1522. Wa ya tono duk wannan? Masana Kiristoci ne da kansu, da yawansu limamai, kuma bugu da dama na zamani suna nuna wuraren a ƙasan shafi. Wannan gaskiya ce da ta cancanci girmamawa, ba abin gori ba.

Akwai wata magana da ta yi yawo har ta gaji, wai a taron Nikiya na 325 ne aka zauna aka zaɓi linjila huɗu aka ƙone sauran. Takardun taron suna nan, kuma ba su yi zancen jerin littattafai ba. Rigimar da aka taru a kanta ita ce matsayin Almasihu. Tun wajen 180 Iraniyus na Liyon yake kare linjila huɗu. Jerin 27 ɗin nan daidai kuwa an fara ganinsa ne a wasiƙar da Atanasiyus, bishop na Iskandariyya, ya rubuta a 367. Abu ne da ya ɗauki ƙarnuka ana ja ana saki. Cewa akwai wasu linjilu da ba su shiga ba, wannan haka yake. A ƙarshen 1945 wasu manoma a kusa da Naj' Hammadi a kudancin Masar suna haƙar ƙasar taki suka ci karo da tulu, a cikinsa littattafai 13 da harshen Kibɗawa. Cikinsu akwai Linjilar Toma, tarin maganganu 114 da aka jingina wa Annabi Isa, ba labarin haihuwa, ba na gicciye. Ba a kulle ta a ɗaki ba. An buga ta, an fassara ta, ana koyar da ita.

Malaman Musulunci ba su jira Turawa ba kafin su shiga wannan fage. Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya jera linjilu huɗu yana kwatanta su wuri da wuri. Biƙa'i, a ƙarni na 15, ya kawo nassosin Attaura da Linjila a tafsirinsa, aka soke shi, ya rubuta littafi guda yana kare kansa. Rahmatullahi Kairanawi, bayan muhawararsa da ɗan mishan Pfander a Agra a 1854, ya rubuta Izharul Haƙƙi, inda ya yi amfani da binciken masanan Turai. Dukansu, zafafa da masu sanyi, sai da suka karanta kafin su yi hukunci.

Wannan ne ya kawo zance kan littafin da ya fi kowane yawo a muhawarorin ƙasar nan, wato Linjilar Barnaba. Ana sonta domin ta ambaci Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da sunansa, kuma ta ce ba Annabi Isa aka gicciye ba. To amma soyayya ba ta ɗauke wa ruwaya bincike. Mene ne isnadinta?

Kwafe biyu ne tushenta. Na Italiyanci an gan shi a Amstadam a 1709, yanzu yana Biyana. Na Sifaniyanci, wanda George Sale ya ambata a 1734, kwafensa na ƙarni na 18 ne ya saura, yana Sidni a Ostareliya. Babu na Girkanci, babu na Aramiyanci, babu tsohon na Larabci. Lonsdale da Laura Ragg suka fassara ta zuwa Turanci a 1907, shekara guda bayan haka Rashid Rida ya buga fassarar Larabci ta Khalil Sa'ada a Alƙahira, daga nan ta bazu. Gaskiya ne wani jerin littattafan da coci ya ƙi, na wajen ƙarni na 6, ya ambaci wata linjila da sunan Barnaba, amma suna kaɗai ya rage, ba a san me ke cikinta ba. Wasiƙar Barnaba da ke cikin kwafen Sina'i kuwa wani littafi ne dabam. Ibn Hazm bai kafa hujja da wannan linjila ba, Ibn Taimiyya ma haka, duk da cewa da ta kasance a zamaninsu babu makamin da ya fi ta.

Takardar kanta ta ba da shaida. Wanda ya gaji tsofaffin littattafai a gidansu ya ɗaga ganye ɗaya ya duba ta hasken rana, sau da yawa zai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun Italiya ne, waɗanda fatake suka riƙa kawo takardarsu ta hamada, kuma da irinsa masana ke ƙiyasta shekarun rubuce-rubucen Katsina da Kano da Sakkwato. Da aka yi wa kwafen Biyana wannan dubawa, tambarinsa ya nuna takardar Italiya ce ta wajen ƙarshen ƙarni na 16.

Matanin ma bai tsira ba. Marubucin ya sa Annabi Isa ya shiga jirgin ruwa ya sauka Nazarat, garin da ke kan tudu nesa da tafkin Galili, kuskuren da ɗan ƙasar ba zai yi ba. Ya ce shekarar yafiya duk bayan shekara 100 take zuwa, alhali a Attaura 50 ce. Fafaroma Bonifas na 8 ne ya kafa ta 100 a shekarar 1300, kuma ba a kai 1350 ba aka mayar da ita 50. Abin da ya fi shafar Musulmi shi ne littafin ya saɓa wa Alƙur'ani. Ya sa Annabi Isa yana musun cewa shi ne Almasihu, laƙabin da Alƙur'ani ya kira shi da shi sau 11. Ya ce Nana Maryamu ta haihu ba tare da ciwo ba, Suratu Maryam kuwa ta ambaci naƙudarta a gindin dabino. Ya ƙirga sammai tara maimakon bakwai. Da hadisi ne ya zo da silsila mai giɓin shekara 1,500 da matani irin wannan, babu malamin zauren da zai ɓata lokaci kafin ya kira shi ƙagagge. Imanin Musulmi game da Annabi Isa a kan Alƙur'ani ya dogara, bai taɓa buƙatar wannan littafi ba, kuma abin takaici ne a ga ɗalibi mai kaifin basira ya jingina hujjarsa da shi a gaban maƙwabcinsa Kirista wanda ya san tarihinsa.

Fagen a buɗe yake, kuma rabon Afirka a cikinsa babba ne. Busasshen yashin Masar ne ya adana mafi tsufan kwafen. A Habasha, gidan ruhubanawa na Abba Garima yana riƙe da linjilu masu zane da harshen Ge'ez, waɗanda gwajin kimiyya ya ɗora tsakanin ƙarni na 4 da na 7. Tun 2009 an haɗa hotunan kwafen Sina'i a intanet kyauta, ta yadda ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa zai iya buɗe shafin ƙarshe na Markus a wayarsa ya ga inda alƙalami ya tsaya. Girkanci zai buƙaci malami da haƙuri. Amma wanda ya ƙoshi da nahawu da sarfu ya riga ya yi rabin tafiya zuwa Suryaniyanci da Ge'ez, domin dangin Larabci ne. Kuma a wancan gida na Dutsen Sina'i akwai ɗaruruwan littattafan Kirista da Larabci tsantsa, cikinsu da wasiƙun Bulus da aka fassara a Dimashƙa a 867, da linjilu huɗu da wani ruhubani mai suna Istifanus na Ramla ya gama kwafewa a 897. Masu iya karanta irin wannan tsohon hannu ba su da yawa a duniya, kuma a makarantun ilimi na wannan gari ana koyon karanta rubutun da ya fi shi wuya.